Yadda Ake Haɗa Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Ƙasa da Tsara Mata Salon Wasa

Duk ranar da kocin ƙasa ya fitar da sunayen 'yan wasan da ya gayyata, gardamar da ke tashi a gidajen kallo da teburan mai shayi kusan iri ɗaya ce: me ya sa aka bar wane da ke zura ƙwallaye a ƙungiyarsa kowane mako, aka ɗauko wane da ke ɗumama benci? Tambayar tana da hujjarta, sai dai mai yin ta yakan ɗauka cewa aikin koci shi ne ya jera mutum goma sha ɗaya da suka fi kowa iya taka leda a ƙasar, alhali aikin ya fi haka wuya, kuma abin da ke sa shi wuya shi ne ƙarancin lokaci. Wannan bayani na wanda ke koyon aikin horarwa ne, ko wanda aka damƙa wa tawagar da aka tsinto daga ƙungiyoyi daban-daban domin wata gasa, amma mai sharhi da mai kallo ma za su samu ma'aunin da za su riƙa auna koci da shi kafin su yanke masa hukunci.

Fara da ƙirga kwanakin da ke hannunka

Kocin ƙungiya irin su Arsenal ko Kano Pillars yana tare da 'yan wasansa kusan kullum har tsawon wata goma, saboda haka yana iya koya musu motsi mai sarƙaƙiya, ya maimaita shi har ya zama jiki. Kocin ƙasa kuwa aron 'yan wasa ake ba shi. A hutun da hukumar FIFA ke warewa, sukan zo na kwana tara ko goma, a ciki za a buga wasa biyu, a yi tafiya, a huta gajiyar jirgi, sai ka ga atisayen da za a yi da kowa da kowa a fili bai wuce uku ko huɗu ba. A Kofin Duniya na 2022 a Katar, ƙungiyoyin Turai sun saki 'yan wasa ne kimanin mako guda kafin a fara gasar. Don haka abin da za ka fara yi, tun kafin ka rubuta sunan kowa, shi ne ka ɗauki kalanda ka ƙirga ainihin ranakun atisayen da za ka samu, sa'annan ka tambayi kanka wane tsari ne mutanen da ba su saba da juna ba za su iya haddacewa a cikin waɗannan ranaku. Duk tsarin da ba za ka iya bayyana shi ga ɗan wasa cikin minti biyar a kan allo ba, to ka ajiye shi, domin ba a gudu ana susa.

Walid Regragui ya karɓi Maroko a ƙarshen watan Agusta na 2022, ƙasa da wata uku kafin gasar, bayan an sallami Vahid Halilhodžić. Wasannin sada zumunta 'yan kaɗan ya samu, da Chile da Paraguay da Jojiya, amma ƙungiyarsa ce ta zama ta farko daga Afirka da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya. Zan riƙa komawa kan wannan tawaga a kai a kai, domin a ganina babu misalin da ya fi ta nuna yadda ake yin aiki da ɗan lokaci.

Gina tsari a kan 'yan wasan da Allah ya ba ka

Ƙungiya tana iya shiga kasuwa ta sayo ɗan bayan hagu idan ba ta da shi, amma ƙasa ba ta da kasuwa. Abin da ƙasar ta haifa, ko abin da 'ya'yanta suka haifa a waje, shi ke nan. Saboda haka kada ka zo da tsarin da kake ƙauna a aljihu kana neman wanda zai cika shi. Ka fitar da mutum uku ko huɗu waɗanda ba za a yi wasa ba tare da su ba, ka duba a ina kowannensu ya fi amfani, sai ka ga tsarin ya fito da kansa. Regragui yana da Achraf Hakimi a bayan dama, yana da Hakim Ziyech wanda ya fi iya wasa daga dama yana shigowa ciki da ƙafar hagu, yana da Sofyan Amrabat mai share gaban 'yan baya, ga kuma Yassine Bounou a raga. Abu na farko da ya yi shi ne dawo da Ziyech, wanda ya daina buga wa ƙasar saboda saɓaninsa da tsohon kocin. Da ya haɗa shi da Hakimi a gefe ɗaya, ya sa Azzedine Ounahi kusa da su, sai ɓangaren dama ya zama ƙofar da Maroko ke fita da ƙwallo idan ta ƙwace.

Akwai matsalar da kusan kowace ƙasa ke fuskanta, wato gwanaye biyu su taru a gurbi ɗaya, wani gurbin kuma ya zama babu kowa. Maroko tana da Hakimi da Noussair Mazraoui, dukkansu 'yan bayan dama, sai aka mayar da Mazraoui hagu, kuma ya karɓa, domin aikin bayan hagu bai yi nisa da wanda ya saba ba. Ingila kuwa a gasar Turai ta 2004 ta yi ƙoƙarin cusa Steven Gerrard da Frank Lampard da Paul Scholes a tsakiya ɗaya, aka tura Scholes gefen hagu inda ba wurinsa ba, kuma babu wanda aikinsa shi ne ya tsaya ya tsare bayansu. Ka'idar da nake ganin ta fi dacewa ita ce, kana iya matsar da gwani zuwa gurbin da ke maƙwabtaka da nasa, amma idan sanya shi zai bar wani aiki babu mai yi, to gara ya zauna a benci ya shigo daga baya, komai surutun da 'yan jarida za su yi.

Zaɓi mutum don aikin da zai yi

Bayan ka tsayar da ginshiƙai, sauran guraben sai ka rubuta su da sunan aiki kafin ka rubuta sunan mutum: wanda zai tsaya gaban 'yan baya, wanda zai gudu ya rufe wa gwanin da ba ya komawa baya, wanda zai riƙe ƙwallo a gaba har sauran su iso, wanda zai ci ƙwallon sama. Faransa a Kofin Duniya na 2018 ta koyar da wannan darasi ƙarara. A wasan farko da Ostireliya, Didier Deschamps ya fara da Griezmann da Mbappé da Dembélé a gaba, masu gudu da yanka, amma wasan bai yi armashi ba duk da an ci 2-1. Daga wasa na biyu ya shigo da Olivier Giroud a matsayin lamba tara, ya ajiye Blaise Matuidi, ɗan tsakiya, a gefen hagu. Giroud ya gama gasar bai ci ko ƙwallo ɗaya ba, amma shi ne ke dambe da 'yan bayan abokan hamayya yana sauke wa sauran ƙwallo, Matuidi kuma yana matsowa ciki ya cike tsakiya domin Mbappé ya samu 'yancin tsayawa a gaba ta dama. Mai duba yawan ƙwallaye kaɗai zai ce a cire Giroud, amma da wannan tsari aka ɗauki kofin.

Marigayi Stephen Keshi ya yi irin wannan a Kofin Nahiyar Afirka na 2013 a Afirka ta Kudu. Ya bar Peter Odemwingie da Obafemi Martins a gida, ya tafi da 'yan wasa shida masu buga gasar cikin gida, ciki har da Reuben Gabriel na Kano Pillars, aka yi masa ca. Godfrey Oboabona, wanda ke Sunshine Stars a lokacin, shi ya riƙe tsakiyar baya tare da matashi Kenneth Omeruo, har kyaftin Joseph Yobo ya koma benci. Sunday Mba, wani ɗan gida, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa ta su Drogba da Yaya Touré da ci 2-1, kuma shi ne a wasan ƙarshe da Burkina Faso ya ɗaga ƙwallo ta saman ɗan baya da ƙafar dama, kafin ta taɓa ƙasa ya doka ta da hagu cikin raga. Kada a fahimce ni cewa ɗan gida ya fi na waje, domin a wannan tawaga akwai Mikel Obi da Victor Moses da Emmanuel Emenike, kuma ba don su ba da ba a kai ko'ina ba. Abin lura shi ne Keshi ya daɗe yana atisaye da 'yan gidan tun kafin na waje su iso, ya san abin da kowannensu zai iya, kuma ya san za su yi aikin da aka ba su ba tare da ƙorafi ba.

Nemi waɗanda suka riga suka saba da juna

Tunda lokaci bai isa ka gina sabo ba, ka aro sabon da wata ƙungiya ta riga ta gina. Sifaniya ta ci gasar Turai a 2008 da 2012 da Kofin Duniya na 2010 da salon gajerun fasin wanda ba za a taɓa koyar da shi cikin kwana goma ba, amma ba ta buƙaci koyar da shi ba, domin Xavi da Iniesta da Busquets da Puyol da Piqué da Pedro kullum tare suke a Barcelona. Jamus ta 2014 ta jingina da 'yan Bayern Munich, wato Neuer da Lahm da Boateng da Schweinsteiger da Kroos da Müller da Götze. Masar ta Hassan Shehata, wadda ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere a 2006 da 2008 da 2010, ƙashin bayanta 'yan gasar cikin gida ne, musamman na Al Ahly. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne ƙasar da 'yan wasanta ke warwatse a ƙasashe goma ta ce za ta kwaikwayi Sifaniya. Idan ba ka da irin wannan tarin, nemi ko da mutum biyu-biyu ne, kamar 'yan tsakiyar baya da suka daɗe suna wasa tare, kuma da zarar ka same su kada ka riƙa raba su don gwaji.

Sabo na wajen fili ma aiki ne. Cikin 'yan wasa 26 da Maroko ta kai Katar, 14 a waje aka haife su: Hakimi a Madrid, Ziyech da Amrabat da Mazraoui a Holan, Romain Saïss da Sofiane Boufal a Faransa, Bounou a Kanada. Dokar FIFA ta yarda mutum ya buga wa ƙasar iyayensa ko kakanninsa, amma doka ba ta haɗa zukata, kuma sansanin da ya rabu gida-gida bisa harshe ko wurin haihuwa ba ya nisa. Regragui, wanda shi ma a Faransa aka haife shi kuma ya horar da Wydad ta Kasabalanka har ta ci kofin zakarun Afirka a wannan shekarar, ya san ɓangarorin biyu, aka kuma gayyato iyalan 'yan wasa zuwa Katar. Wanda ya kalli gasar ba zai manta Boufal yana rawa da mahaifiyarsa a gefen fili ba.

Sauran guraben tawaga

A nan ba sai an tsawaita ba. Masu tsaron raga uku wajibi ne. Ka ba kowane gurbi mutum biyu, ka fifita wanda zai iya buga wuri biyu a kan wanda ya iya wuri ɗaya, sa'annan ka ware gurbi ɗaya ko biyu ga masu sauya wasa, kamar dogon ɗan gaba don mintunan ƙarshe ko mai gudun da zai shigo lokacin da ƙafafun 'yan baya suka yi nauyi. Yanzu da ake canja mutum biyar, benci kusan rabin ƙungiya ne. Gurabe na ƙarshe kuwa ka duba hali, domin wanda zai yi wata guda a otal bai buga ko minti ɗaya ba, idan mai gunaguni ne zai lalata maka sansani. Kuma kada suna ya ruɗe ka ka tafi da mai rauni da fatan zai warke a hanya, sai dai idan shi ne ginshiƙin da aka gina komai a kansa.

Tsara abin da za a yi idan ƙwallo tana hannun abokan hamayya

Mafi yawan atisayenka a nan ya kamata ya tafi, saboda tsaron gida ya fi saurin koyuwa a kan kai hari, kuma a gasar sili ɗaya ƙwale wanda ba a ci shi ba yana nan a raye har zuwa bugun fenareti. Ko Sifaniya ta 2010 da ake yabo da iya raba ƙwallo, ƙwallo takwas kacal ta ci a wasa bakwai, kuma duk wasanninta huɗu na bayan rukuni da ci 1-0 ta gama su. Riƙe ƙwallon nata ma wata hanya ce ta tsare gida.

Abubuwa uku za ka yanke, ka kuma tabbatar kowa ya haddace su. Na farko, a wane wuri a fili ƙungiya za ta tsaya ta jira: can gaba kusa da ragar abokan hamayya, ko a tsakiya, ko a bakin gidanka. Na biyu, wace alama ce za ta sa kowa ya taso a matsa, misali idan aka mayar da ƙwallo baya ko aka ba ɗan bayan gefe yana fuskantar layi. Na uku, ina ƙwallo za ta fara zuwa da zarar an ƙwace ta.

A dubi wasan Maroko da Sifaniya a zagayen 'yan 16. Idan ƙwallo tana wurin Sifaniya, Maroko takan tsaya a tsarin 4-1-4-1, wato 'yan baya huɗu, Amrabat shi kaɗai a gabansu, mutum huɗu a jere a gabansa, sai Youssef En-Nesyri a gaba. En-Nesyri ba ya bin 'yan bayan Sifaniya da gudu, yakan tsaya ne a kan hanyar da ƙwallo za ta bi ta kai ga Busquets, domin Busquets ne mabuɗin wasansu. Sai 'yan bayan su yi ta miƙa wa juna ƙwallo daga dama zuwa hagu, babu mai hana su, domin fasin da ake yi a nan ba ya cutarwa. Duk lokacin da ƙwallo ta koma gefe, layukan Maroko gaba ɗaya sukan matsa wannan gefen kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, tazarar da ke tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya ba ta buɗewa, idan kuma Pedri ko Gavi ya yi ƙoƙarin karɓa a tsakani, kafin ya juya Amrabat ya iso. Ziyech da Boufal, waɗanda aka sani da ƙyuyar komawa baya, suna dawowa har bakin gida. Sifaniya ta riƙe ƙwallo fiye da kashi 70 cikin 100, ta yi fasin sama da 1,000 cikin minti 120, amma ƙwallo ɗaya tak ta buga da ta nufi raga. Aka tashi babu ci, a bugun fenareti Bounou ya tare biyu, ɗaya ta daki ƙarfe, Hakimi ya gama aikin. A wasanni biyar na farko, da Kuroshiya da Beljiyam da Kanada da Sifaniya da Fotugal, ƙwallo ɗaya ce ta shiga ragar Maroko, ita ma Nayef Aguerd ne ya ci gida.

Ba dole ne tsaro ya zama komawa baya ba. Saudiyya ta Hervé Renard ta tura layin bayanta can gaba a wasanta da Ajantina, ta yi ta kama su da satar gida har aka soke musu ƙwallo uku a rabin farko, ta kuma ci 2-1. Amma wannan caca ce da ke buƙatar 'yan baya masu jin juna, kuma 'yan Saudiyya duk a gasar gida suke wasa, da yawansu a Al Hilal, sun kuma samu dogon shiri tare. Wanda 'yan bayansa suka haɗu ranar Litinin kada ya gwada ta ranar Juma'a.

Kada ka raina bugun kwana da bugun tazara

Wannan shi ne ɓangaren kai hari da ake iya koyarwa cikin yini biyu, domin ƙwallo a tsaye take kuma kai ke zaɓar inda kowa zai tsaya. Girka ta Otto Rehhagel ta ɗauki kofin Turai a 2004 da cin Faransa da Jamhuriyar Cek da Fotugal, kowacce 1-0, duk da ka aka ci ƙwallayen, biyu na ƙarshe daga kwana. Ingila ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 2018 da ƙwallaye 12, tara daga cikinsu daga kwana ne ko bugun tazara ko fenareti. Ka shirya salon kwana biyu ko uku kawai, ka naɗa mai bugawa daga kowane gefe, ka kuma ba tsaron kwana lokaci daidai da wanda ka ba cin ta.

Ka yarda ka gyara tun gasa tana ɗanya

Wasan farko yakan tona abin da wasannin sada zumunta suka ɓoye, kuma kocin da ya ƙi gyara don gudun a ce ya yi kuskure yakan koma gida da wuri. Ajantina ta je Katar da wasa 36 a jere ba a doke ta ba, amma da Saudiyya ta ba ta kashi, Lionel Scaloni bai tsaya kare zaɓinsa ba. Cikin wasa biyu ya shigo da Alexis Mac Allister da Enzo Fernández da Julián Álvarez, matasa masu gudun da za su ɗauke wa Messi wahala, da Holan ya koma 'yan tsakiyar baya uku, a wasan ƙarshe kuma ya ajiye Di María a hagu inda Faransa ba ta zata ba. Ginshiƙin bai canja ba, abin da ke kewaye da shi ne ya riƙa canjawa bisa ga abokin karawa.

Najeriya ma ta ga amfanin haka a gasar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024. Bayan kunnen doki 1-1 da Ikwatoriyal Gini, José Peseiro ya koma tsarin 'yan tsakiyar baya uku, William Troost-Ekong da Semi Ajayi da Calvin Bassey, Ola Aina da Zaidu Sanusi suna hawa da sauka a gefe, Stanley Nwabali a raga. Ƙasar da aka sani da yawan 'yan gaba sai ga ta ta buga wasa huɗu a jere, da mai masaukin baƙi da Gini Bisau da Kamaru da Angola, ba a zura mata ko ɗaya ba. Mutane da yawa sun ce wasan ba ya ƙayatarwa, kuma gaskiya suka faɗa, amma shi ya kai ta wasan ƙarshe.

Karanta dokokin gasa da idonka

Wannan yana kama da aikin sakatare, amma ya kayar da manya. A watan Oktoba na 2011, a wasan ƙarshe na neman gurbin kofin Afirka na 2012, Afirka ta Kudu ta lallaɓa ta tashi canjaras da Saliyo, 'yan wasanta har da rawa a fili, suna zaton yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Ashe dokar sakamakon karawa tsakanin masu maki ɗaya take dubawa, kuma da wannan lissafi Mena ta Nijar, wadda ta ci duk wasanninta uku na gida a Yamai ƙarƙashin Harouna Doula, ita ta samu gurbin karo na farko a tarihinta, duk da Masar ta doke ta a ranar. A 2018 kuma Senegal ta fita daga Kofin Duniya bayan ta yi daidai da Japan a maki da ƙwallaye, saboda tana da katin gargaɗi shida, Japan tana da huɗu. Ka san abin da ke raba masu maki ɗaya, ka san kati nawa ke hana ɗan wasa buga wasa na gaba da lokacin da ake goge su, ka kuma sa wani a benci yana bin sakamakon ɗaya wasan.

Bugun fenareti ma shiri yake so. Ka tsara jerin masu bugawa tun a sansani, mai tsaron raga ya nazarci inda abokan hamayya suka saba bugawa. Kocin Holan Louis van Gaal ya shigo da gola Tim Krul a minti na ƙarshe da Kosta Rika a Kofin Duniya na 2014, ya tare biyu. Ingila kuwa a wasan ƙarshe na gasar Turai da Italiya a 2021 ta shigo da Rashford da Sancho daf da tashi don su buga, dukkansu suka ɓarar. Ra'ayina shi ne gola yana iya shigowa da sanyin jiki, amma mai bugawa yana buƙatar ya ɗan taɓa ƙwallo, jininsa ya yi ɗumi.

Shirya wa ranar da za a riga ka ci

Duk abin da na faɗa game da tsaro yana da farashi biyu, kuma gara ka san su tun kafin ka biya. Na farko gajiya ce, domin bin ƙwallo ya fi riƙe ta cin jiki. Da Maroko ta zo wasan Fotugal, Aguerd da Mazraoui ba su samu bugawa ba, Saïss kuma a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da shi. Abin da ya cece ta shi ne 'yan benci sun san aikin: Yahia Attiyat Allah na Wydad, wanda ya maye gurbin Mazraoui, shi ya ɗago ƙwallon da En-Nesyri ya yi tsalle ya riga gola Diogo Costa ya sa mata kai. Da aka zo wasan Faransa, Regragui ya yi kasadar mayar da masu raunin, ya kuma sauya zuwa 'yan baya biyar. Aguerd ya janye kafin a busa usur, Theo Hernández ya ci a minti na biyar, Saïss ya fita bayan kimanin minti ashirin, Mazraoui bai dawo daga hutun rabin lokaci ba. Maroko ta koma tsarinta na asali ta kuma taka rawar gani da ƙwallo a ƙafarta, amma aka tashi 2-0.

Farashi na biyu shi ne ƙungiyar da ta saba jira takan rasa yadda za ta fito idan jiran ya daina amfani. A wasan ƙarshe na gasar Afirka da Kwaddibuwa a Abijan, Najeriya ce ta fara ci ta hannun Troost-Ekong, sai ta ƙara nutsewa baya, ƙwallo ta daina tsayawa a ƙafar 'yan tsakiya, Osimhen ya zama shi kaɗai a gaba. Simon Adingra ya yi ta kai kora ta gefen hagu, Franck Kessié ya farke daga kwana, Sébastien Haller ya ci ta biyu saura minti tara, kuma a ɗan lokacin da ya rage Najeriya ba ta nuna wata hanya ta biyu ta kai hari ba.

Don haka a kowane sansani ka ware aƙalla atisaye ɗaya ga wannan yanayi. Ka raba tawaga biyu, ka ce wa 'yan goma sha ɗayan farko an ci su ɗaya kuma saura minti ashirin, ka bar su su nemi mafita da agogo yana tafiya. A nan za ka yanke wane ɗan baya ne zai fita, wa zai shigo ya tsaya kusa da lamba tara, wane ɗan gefe ne zai hau ya zauna a gaba, da kuma mutum biyun da za su rage a baya don kada a ƙara ta biyu. Sa'annan ka juya lissafin, ka ce su ke gaba da ɗaya, ka hana su dokan ƙwallo sama babu dalili, ka tilasta musu yin fasin biyar ko shida kafin su rabu da ita. Sunayen waɗanda za su shigo a kowane hali ka rubuta su a takarda tun daren wasa, ka ba mataimakinka kwafi ya riƙe a aljihunsa.